Ɗaga Ƙarfe: Bin Ƙa'ida ko Tauye wa Kai Mudu?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai maza ya san wurin da zan ambata. A bayan gini, kusa da tankin ruwa, akwai wani ɗan fili da ciyawa ta daina fitowa. An ajiye bencin katako, da sandar ƙarfe wadda aka zuba wa siminti cikin gwangwanin fenti a kowane gefe, da wasu tsofaffin ƙarafan mota da aka roƙo a wurin kanikawa. Da biyar na yamma ta yi sai samari su taru, riga a kafaɗa, ana ihu ana ƙirga wa juna. A nan na fara ɗaga ƙarfe a shekarata ta farko, a nan kuma na ji ciwon da ya raba ni da ƙarfe har mako shida a shekarata ta biyu. Wannan maƙala bayani ce a kan abin da ya jawo mini wannan ciwo, wato coge a wajen ɗaga ƙarfe, da kuma abin da na karanta, na kuma gwada a jikina tun daga lokacin.

Da yake a wurin ɗaga ƙarfe Turanci da Buroka ake yi, dole na nemi kalmomin da zan yi aiki da su. Idan mutum ya ɗaga ƙarfe ya sauke sau ɗaya, wannan zan kira shi ɗagawa. Idan ya jera ɗagawa takwas ko goma ba tare da hutawa ba, ya yi zubi ɗaya ke nan. Bin ƙa'ida shi ne a fara kowace ɗagawa daga wuri ɗaya, a ƙare a wuri ɗaya, tsokar da ake nufi ita ce ke aikin, kuma mai ɗagawa ne ke iko da ƙarfen a hawa da sauka. Coge kuwa shi ne duk wata dabara da za ta sa ƙarfe ya tashi ba tare da tsokar ta biya kuɗin tashinsa ba. Wani yakan yi lilo da ƙugu ya wurgo ƙarfen sama. Wani yakan tsaya a rabin hanya ya ƙirga ta a cikakkiya. Wanda ke kwance a benci kuma yakan saki sandar ta bugi ƙirjinsa ta yi tsalle, ya ɗage mazaunansa daga bencin kamar wanda kunama ta harba. Akwai ma cogen mutum biyu, inda abokin da ke tsaye a kanka don tsaro ya riƙe sandar da hannu bibbiyu yana ja, yana kuma rantsuwa cewa ko taɓawa bai yi ba.

Tambayar ɗan dako

Hausa ba harshen da na tashi da shi ba ne, saboda haka idan an yi hutu nakan je kasuwar Mile 12 da ke Legas in zauna wurin masu albasa da tattasai domin kunnena ya saba. A can na ga wani dattijo ɗan dako, siriri, wanda ba na jin ya kai ni nauyi. Ya tsaya a gaban buhun albasa, ya ɗan durƙusa, ya rungumo shi, ya yi lilo da shi sau ɗaya, abokinsa ya tallafa, kafin ƙiftawar ido buhu ya hau wuya. Da ya dawo ya zauna yana cin goro sai na gaishe shi na ce, "Baba, ashe ku ma kuna yin coge irin namu." Na kwatanta masa yadda muke yi a makaranta. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni so nake buhu ya isa mota. Ko da haƙori na ɗauka, in dai ya isa, an biya ni. Kai in ka ɗaga naka ƙarfen, ina kake kai shi?" Na ce ba ko'ina, inda na ɗauka nan nake mayarwa. Ya ce, "To, saurin me kake yi?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ɗan dako burinsa kaya su tashi daga nan su koma can da mafi ƙarancin wahala, don haka yake rarraba aikin ga ƙafa da ƙugu da baya da wuya, ya kuma ci moriyar lilo. Wannan gwaninta ce, ba coge ba. Mai ɗaga ƙarfe domin gina jiki kuwa burinsa kishiyar wannan ne. Ba ƙarfen ne ke da wurin zuwa ba, wahalar ita ce hajar da ya zo saye, kuma yana son ta sauka a kan wata tsoka takamaimai. Idan ya ari dabarar ɗan dako, ya zama kamar wanda ya biya kuɗin mota sannan ya bi ta a guje a ƙasa.

Yadda coge yake sauƙaƙa aiki

Bari mu ɗauki motsin da samari suka fi so, wato naɗe hannu, inda ake riƙe sanda a tsaye a ɗago ta daga cinya zuwa kafaɗa domin a fito da ƙwanji. Jijiyar da ta ɗaure ƙwanji da ƙashi tana manne ne kusa da gwiwar hannu, tazarar ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba, alhali tafin hannun da ke riƙe da ƙarfen yana can nesa, kimanin santimita 30 zuwa 35. Wanda ya taɓa tura ƙofa daga kusa da maɗaurinta ya san bambancin wannan da tura ta daga wajen mariƙi. Sakamakon haka, lokacin da sangalin hannu ya miƙe daidai da ƙasa, tsokokin da ke naɗe gwiwar hannu sai sun ja kusan ninki bakwai na nauyin da ke tafin hannu. Kilo 10 a hannu ya zama kamar kilo 70 a wurin tsoka. Wannan tsakiyar hanya ita ce maƙurar wahala, kuma ita ce wurin da jiki yake neman gudu.

To ta yaya yake gudu? Mutum yakan sunkuya kaɗan, ya bankaɗo ƙugunsa gaba da ƙarfi. Tsokokin ɗuwawu da bayan cinya da tsatso sun fi ƙwanji girma nesa ba kusa ba, su ne ke ba ƙarfen saurin da zai ratsa wannan wuri mai wuya a guje. Daga nan sai ya ja gwiwar hannunsa gaba, ya banƙare baya, ya shiga ƙarƙashin sandar. Ƙarfe ya kai kafaɗa, abokai sun yi ihun "goma!", amma ƙwanjin da aka zo dominsa kallo kawai ya yi a mafi yawan tafiyar. Sai kuma a saki sandar ta faɗo da kanta. Wannan ma asara ce ta biyu, domin tsoka ta fi ƙarfi a wajen sauke nauyi a hankali fiye da wajen ɗaga shi, kuma wannan saukewar tana cikin abin da ke gina ta.

Batun ma'auni

Yawanci idan ana hana coge, da ciwo ake tsoratar da mutane. Zan zo kan ciwo. Amma ni a ganina babbar ɓarnar coge ita ce lalata ma'auni.

Tushen duk wani horo na ƙarfi shi ne a riƙa ƙara wa jiki aiki kaɗan-kaɗan. Mutanen Girka na da suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo na garin Kroton, wanda aka ce kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko labarin ya faru ko almara ce, darasinsa daidai ne. Amma domin mutum ya san ko ya ci gaba, dole ya kwatanta aikin yau da na watan jiya, kuma kwatanci ba ya yiwuwa sai idan aikin iri ɗaya ne. Idan a watan jiya na ɗaga kilo 25 jikina a tsaye cak, yau kuma na ɗaga kilo 35 ina lilo, ba ni da hanyar sanin ko ƙwanjina ne ya ƙaru ko lilon ne na ƙware a kai. Lambar da ke jikin ƙarfe ta daina ba da labari. A kasuwa, mai tauye mudu aƙalla wani yake cuta, shi yana cin riba. A nan kuwa mai awo da mai saye mutum ɗaya ne.

Ni kaina shaida ne. Mun taɓa kai gwangwanayen simintinmu wurin mai sayar da gas ya auna mana a sikelinsa, muka rubuta nauyin kowanne da fenti, saboda haka na san abin da nake ɗagawa. A cikin zangon karatu ɗaya na tashi daga kilo 25 zuwa kilo 40 a naɗe hannu, har ana nuna ni ga sababbin ɗalibai. Amma igiyar awon tela da nake zagaya wa damtsena ba ta motsa ba. Ranar da wani ya ce in jingina bayana da bango in gwada, ko motsa kilo 40 ban iya ba. Da na koma 25, sau shida na yi na tsaya. Wata huɗu ke nan ina horar da ƙuguna a kan wurgi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala ce ta yaran bayan ɗakin kwana kawai, ta taɓa cin wasa sukutum a gasar Olamfik. Daga 1928 zuwa 1972, masu ɗaga nauyi suna fafatawa ne a salo uku. Akwai fizga, inda ake ɗauko ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a motsi ɗaya. Akwai saɓa-ka-cilla, inda ake fara saɓa shi a kafaɗa sannan a cilla shi sama da taimakon ƙafafu. Na uku shi ne turi a tsaye, wanda a ƙa'idarsa ta asali mutum zai saɓa ƙarfen a kafaɗa, ya tsaya a miƙe kamar soja, ya tura shi sama da ƙarfin kafaɗa da hannu kaɗai. A hankali 'yan wasa suka gano cewa idan suka ɗan banƙare baya, aikin yakan koma kan ƙirji, nauyi ya ƙaru. Alƙalai suka kau da kai ga kaɗan, kaɗan ta zama da yawa, har aka kai ga mutum yana zabura da gwiwa da ƙugu, yana kwantawa da baya kamar mai turi a benci alhali yana tsaye. A 1955 Ba'amurke Paul Anderson ya ba mutanen Mosko mamaki da ya tura sama da kilo 180. Zuwa 1972 Vasily Alekseyev na Tarayyar Sobiyat ya kai kilo 236.5. Ba banƙarewa kaɗai ta kawo wannan ƙari ba, horo ya inganta, kuma zamani ne da ƙwayoyin ƙara ƙarfi suka yaɗu. Amma abin ya kai alƙalai ba sa iya yarda da juna a kan wace ɗagawa ce halal, wacce ce coge, ga kuma fargabar abin da salon ke yi wa tsatso. Bayan gasar Munik ta 1972 sai aka soke turi a tsaye gaba ɗaya. Salo biyu suka rage har yau.

A lura da wani abu a nan. Fizga da saɓa-ka-cilla cike suke da zabura da wurgi, amma ba wanda ke kiran su coge, domin haka aka tsara su, haka aka sanar, kowa kuma da wannan mudun ake auna masa. Ashe ba saurin motsi ne coge ba. Coge shi ne ka ce ga abin da kake yi, alhali wani abu daban kake yi.

Saboda irin wannan tarihi ne dokokin gasa suka yi tsauri. Alƙalai uku ke zama, kowanne da farar fitila da ja, sai an sami farare aƙalla biyu ɗagawa take karɓuwa. A ɗaya wasan, wanda ya ƙunshi tsuguno da turin benci da cirar ƙarfe daga ƙasa, mai tsuguno sai mahaɗar cinyarsa da ƙugu ta gangara ƙasa da saman gwiwa. Mai turin benci sai sandar ta tsaya cak a ƙirjinsa ya jira umarnin alƙali, mazaunansa kuma ba za su bar bencin ba. A 2023 ma babbar hukumar wasan ta duniya ta ƙara doka a kan zurfin da gwiwar hannu za ta sauka, saboda wasu sun ƙware wajen gantsare baya har sandar ba ta yin wata tafiyar kirki. Mu 'yan Nijeriya muna da abin alfahari a wannan fage. A gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a Faris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a benci, ta ci zinare ta kuma kafa tarihin duniya. A irin wasansu ƙafafu a kan benci suke, ba a dogara da ƙasa, sandar sai ta sauka cikin iko, ta tsaya a ƙirji, ta tashi hannu biyu daidai wa daida. Duk lokacin da na ga wani a bayan ɗakinmu yana buga kilo 80 a ƙirji, mazaunai a sama, aboki na ja, nakan tuna da wannan baiwar Allah.

Abin da bincike ya nuna

A nan dole in yi adalci, domin coge iri-iri ne kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Game da yanke hanya, wasu masu bincike daga Denmak da Norwe sun wallafa wani aiki a 2013. Sun raba samari gida biyu, na tsawon mako 12 wasu suna tsuguno mai zurfi, wasu suna tsayawa a sama-sama. Masu zurfin sun fi samun ƙaruwar tsokar gaban cinya. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya ƙara fito da wani abu, wato ɓangaren motsi da tsoka take a miƙe, kamar ƙasan tsuguno ko farkon naɗe hannu, yana da muhimmanci ƙwarai wajen gina ta. Abin takaici shi ne wannan ɓangaren ne mai coge yake fara zubarwa, saboda shi ne mai zafi.

Game da lilo kuwa, sakamakon ya ba ni mamaki, har na so in ƙi yarda. A 2025 aka wallafa wani bincike na Brad Schoenfeld da abokan aikinsa na Kwalejin Lehman da ke Niyok. Sun ɗauki mutanen da ba su saba ɗaga ƙarfe ba, kowannensu hannu ɗaya yana bin ƙa'ida, ɗaya hannun yana lilo, har mako takwas. Da aka auna, tsokokin hannayen biyu sun ƙaru kusan daidai. Mai son coge zai ce to ga shi nan, ba laifi. Amma a duba da kyau. Hannun da ke lilo ya ɗaga jimillar nauyi mai yawa fiye da ɗan'uwansa kafin ya sami wannan riba iri ɗaya. Ina rarar nauyin ta tafi? Ba ta shiga ƙwanji ba, ta bi ta ƙugu da baya da gaɓoɓi. Wato an biya tsada an sayi abin da ake samu da araha. Bugu da ƙari, motsin hannu ne aka gwada, a gaban masu sa ido, na wata biyu kacal. Ba a gwada tsuguno da nauyi a wuya ba, ba a kuma gwada saurayin da ke son burge masu wucewa ba.

Masu kare coge sukan kuma kafa hujja da manya. Gaskiya ne Joe Weider, mutumin Kanada da ya kafa gasar Mista Olimfiya a 1965, ya sa coge cikin jerin dabarun horon da ya yaɗa a mujallunsa. Gaskiya ne kuma Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci wannan gasa sau bakwai, daga 1970 zuwa 1975 da kuma 1980, ya shahara da naɗe hannu mai lilo. Amma yadda suka koyar da shi daban ne da yadda muke yi. A wurinsu mutum yakan yi ɗagawarsa bisa ƙa'ida har tsoka ta ƙi, sannan ya ɗan taimaka da jiki gwargwadon abin da zai ratsa wurin da ya maƙale, ya sami ƙarin ɗaya ko biyu, ya sauke a hankali. Manufar ita ce a ƙara wa tsoka wahala bayan ta gaji. Mu kuwa tun daga ɗagawar farko muke farawa, domin nauyin da muka ɗora tun asali ba namu ba ne. Masu iya magana sun ce kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa.

Ranar da jiki ya yi magana

Saura mako biyu a fara jarrabawa. Yamma ce, ɗalibai mata suna wucewa zuwa ɗakin karatu, ba sai na faɗi sauran ba. Na ƙara ƙarfen mota ɗaya a kowane gefe a kan kilo 40 ɗin da ko shi ba nawa ba ne. A ɗagawa ta bakwai na wurga ƙugu na banƙare fiye da kullum, sai na ji kamar an soka mini allura mai zafi a tsatso. Na daure na cika goma saboda kunya. Washegari ban iya sunkuyawa in ɗauki bokitin wanka ba, ɗaure takalmi ma sai da abokin ɗakina ya taimaka. Likita ya dudduba ya ce na yi sa'a, tsoka ce ta ji rauni, ba faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ba. Ya ba ni maganin rage zafi, ya ce kada in kwanta in ƙi tashi, in riƙa takawa a hankali. Ya kuma gargaɗe ni cewa idan ciwon ya gangara ƙafa tare da dindiris ko rashin ƙarfi, ko na kasa riƙe fitsari, in garzayo asibiti ko da tsakar dare ne. Na sa wannan a nan domin duk mai ɗaga ƙarfe ya kamata ya san waɗannan alamomi. Jarrabawar Tsarin Sauti a gefen kujera na rubuta ta, ina bayanin karin sauti mai faɗuwa ina cije leɓe.

Duk da haka ba zan ce bin ƙa'ida laya ce ba. Dorian Yates, ɗan Ingila da ya ci Mista Olimfiya sau shida a jere daga 1992 zuwa 1997, an san shi da tsantseni wajen motsi, amma ƙwanjinsa ya yage a 1994, tsokar bayan damtsensa kuma a 1997. Nauyi idan ya kai wani matsayi, ko an bi ƙa'ida yana iya karɓar harajinsa. Haka nan ba kowace 'yar karkacewa ce ke kawo ciwo ba, kuma idan aka ƙirga da awannin da ake yi, ɗaga ƙarfe bai kai ƙwallon ƙafa jikkata mutane ba. Abin da ke kawo rauni yawanci shi ne a ɗora wa wani sashe na jiki nauyin da bai shirya masa ba, farat ɗaya, bayan ya gaji. Coge kuma ya haɗa waɗannan uku a wuri guda: nauyin ya fi ƙarfinka, yana zuwa da fizga, kuma ya fi yawa a ƙarshen zubi. Wuraren da aka fi jin labarin mummunan rauni sanannu ne. Tsokar ƙirji takan yage a ƙasan turin benci. Jijiyar ƙwanji takan tsinke a cirar ƙarfe daga ƙasa idan mutum ya lanƙwasa gwiwar hannun da tafinsa ke kallon gaba yana neman taimaka wa sandar. Irin waɗannan sau da yawa sai an yi tiyata, kuma mun san abin da tiyata take nufi ga aljihun ɗalibi.

Yadda nake yi yanzu

Da na koma bayan mako shida, abu na farko da na yi shi ne rage nauyi kusan rabi, wanda ya fi ciwon bayan zafi a zuciya. Na biyu, na sayi ƙaramin littafi. Kowane motsi na rubuta masa inda yake farawa da inda yake ƙarewa, domin bin ƙa'ida ba ya nufin kowa ya yi kama da hoton da ke cikin littafi. Mai dogayen cinyoyi dole ya fi gajere sunkuyawa a tsuguno, faɗin kafaɗa kuma shi ke nuna inda za a riƙe sanda. Abin nema shi ne ɗagawarka ta goma ta yi kama da ta farko, ta yau kuma ta yi kama da ta makon jiya. Nakan ƙirga ɗaya, biyu a zuci wajen saukewa. Nakan jingina waya a gefe ta ɗauke ni, saboda abin da mutum yake ji yana yi da abin da yake yi sukan sha bamban. Mu da muka koyi Hausa da girma mun san wannan, ni na yi shekara guda ina rantsuwa cewa ina bambanta kafa da ƙafa, sai da na ji muryata a rikoda. Da zarar na ga sai na canza motsi kafin ƙarfe ya tashi, zubin ya ƙare ke nan, ko da lissafin bai cika ba.

Ban haramta wa kaina coge ɗungurungum ba. A ƙananan motsi, kamar naɗe hannu ko ɗaga ƙaramin ƙarfe zuwa gefe domin kafaɗa, wani lokaci a zubin ƙarshe nakan ƙara biyu da ɗan taimakon jiki, in sauke a hankali. Amma a littafi ba na rubuta 10, nakan rubuta 8 da 2, domin biyun nan ba mudunsu ɗaya da takwas ɗin ba. A tsuguno da turin benci da cirar ƙarfe daga ƙasa kuwa ba na kusantar sa ko kaɗan, domin a can idan abu ya ɓaci, ƙarfen a kanka yake ko a bayanka. Wanda bai shekara yana ɗagawa ba, shawarata ya bar coge baki ɗaya tukuna, saboda sai ka san hanya sannan kake sanin ka kauce mata. Shi kuma abokin da ke tsaye a kaina na roƙe shi ya ajiye hannayensa kusa da sanda amma kada ya taɓa, sai idan ta fara komawa ƙasa.

Wata takwas ke nan da komawata. A makon jiya na rubuta a littafina: naɗe hannu, kilo 30, sau 8, baya a jikin bango. Igiyar tela ta matsa da santimita ɗaya da rabi. Ina ajiye sandar sai wani ɗan aji ɗaya ya zo ya ƙara mata ƙarafa, ya yi goma yana lilo kamar reshe a iska, sannan ya dube ni cikin tausayi ya ce, "Yaya, ko ba ka da lafiya ne?" Na ce masa lafiyata ƙalau, ya cire abin da ya ƙara, ya zo ya jingina da bango ya gwada nawa. Ya yi uku.